Lantarkin iska: wa ke sa kuɗin, kuma mene ne aikin gwamnati a ciki?

"Salamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Katsina ne, duk sanda na bi hanyar Kano sai na hango fankokin nan na Lambar Rimi a tsaye, shekara da shekaru, amma ban taɓa jin an ce ga garin da suka haskaka ba. Sai kuma nake jin wai Kenya da Senegal sun yi nasu kuma yana aiki. Shin kuɗi ne ba mu da shi, ko iskar ce babu, ko matsalar doka ce? Kuma tunda an ce yanzu jihohi na da ikon yin wutarsu, me gwamna zai yi in da gaske yake?"

Wa alaikumus salam ƙanena, amin summa amin. In na fahimce ka abin da kake son sani shi ne me gwamnatocin da suka ci nasara a harkar nan suka yi wanda mu ba mu yi ba, da kuma inda kuɗin yake fitowa. Ni aikina lissafin kuɗin tashoshin wuta ne, ni ake turo wa takardun bashi da na yarjejeniya in duba ko aiki zai iya biyan kansa, don haka ta wannan ƙofar zan shigo maka.

Tsadar duk a farko take

Tashar gas ko janareta, ginin ba shi ne babban kashin kuɗi ba, man da za ka yi ta zubawa kullum shi ne. Tashar iska kuwa juyin wannan ce, iska kyauta ce, amma kusan duk kuɗin da za a kashe a rayuwar tashar a ranar farko ake fitar da shi, kamar a ce ka biya hayar gida ta shekara 20 a zama ɗaya kafin a miƙa maka makulli. To wa yake da irin wannan kuɗin a ajiye? Babu. Bashi ake ciyowa, galibi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari daga bankuna, sauran masu aikin su sa daga aljihunsu. Shi ya sa farashin wutar iska a zahiri farashin bashi ne.

Bari in ba ka misali na lissafi kawai, ba wata tasha nake nufi ba. Ka ɗauka tasha ce mai megawat 100, an kashe dala miliyan 150, kuma iskar wurin tana ba ta damar fitar da kashi 30 cikin ɗari na cikakken ƙarfinta a shekara, kusan yunit miliyan 263 kenan, irin yunit ɗin da kake saya a mita. In ka samo kuɗin nan da ruwa kashi 5 na shekara 20, kowace shekara za ka biya kamar dala miliyan 12, kowane yunit ya tashi senti 4.6 kafin a sa kuɗin gyara da albashi. In kuma ruwan kashi 15 ne, biyan shekara ya koma kusan miliyan 24, yunit ya haura senti 9. Inji ɗaya, iska ɗaya, fili ɗaya, amma wutar ta ninka tsada. Duk wata doka ko tsarin gwamnati da za ka ji ana yabo a harkar iska, in ka tona za ka tarar abu ɗaya take yi, tana kwantar wa mai ba da bashi hankali ne don ya sauke ruwa ya kuma tsawaita lokacin biya.

Yadda wasu suka bi

Denmak ce ta fara da gaske bayan tashin farashin mai na 1973, a 1979 gwamnati ta fara biyan kashi 30 na kuɗin injin ga wanda ya kafa, manoma suka riƙa haɗa kuɗi ƙungiya-ƙungiya suna saya, daga nan kamfanin Vestas ya girma. Jamus ta zo da dokar shekarar 2000 wadda ta ce duk wanda ya kafa injin iska dole kamfanin layi ya jona shi, ya sayi wutarsa a kan tsayayyen farashi har shekara 20. Kaga da wannan takardar ko manomi zai iya shiga banki a saurare shi. Illarsa dai in gwamnati ta yanka farashin ya yi sama jama'a ne ke biya a bil, shi ya sa a 2017 Jamus ɗin ma ta koma tsarin gasa, kowa ya kawo tayinsa a ɗauki mafi arha.

Amurka ta bi ta haraji, a 1992 aka fara yafe wa mai tasha senti 1.5 na haraji a kan kowane yunit da ya samar na shekara 10, adadin yana ƙaruwa da hauhawar farashi. Amma majalisa ta riƙa barin dokar ta ƙare sai a sake sabunta ta, kuma duk lokacin da aka yi haka aiki sai ya tsaya cak, a 2012 an kafa kusan megawat 13,000, a 2013 da ƙyar aka haura 1,000. Abin da ya fi burge ni a can ba na tarayya ba ne, na jihar Teksas ne, jihar mai ce fa, amma ita ce kan gaba a wutar iska a Amurka. A 1999 George Bush yana gwamna ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa masu sayar da wuta su haɗa da wani kaso na makamashi mai sabuntawa, sannan a 2005 suka yi abin da ya fi wannan, suka ware yankunan da iska ta fi ƙarfi a yammacin jihar suka ja manyan layuka zuwa birane, kusan dala biliyan 7, tun kafin tashoshin su cika wurin. Jiha ba ta sayi fanka ko ɗaya ba, hanya ta buɗe, 'yan kasuwa suka yi rububi.

Akwai kuma darasin karya alkawari. Sifaniya ta zaftare tallafin da ta riga ta yi wa masu tashoshi alkawari wajen 2013, ta shafe shekaru ana jan ta a kotunan sasanci na duniya. Birtaniya kuma a gasar 2023 ta sa rufin farashi fam 44 a kan kowane yunit dubu na iskar teku, ko kamfani ɗaya bai kawo tayi ba saboda farashin ƙarfe da ruwan bashi sun tashi.

Na kusa da mu

Tsarin da nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni shi ne na Afirka ta Kudu da suka fara a 2011. Gwamnati ta ce ga megawat kaza muke so, ku kawo tayi, wanda ya ci gasar, Eskom, kamfanin lantarki na gwamnatinsu, zai sayi wutarsa shekara 20, baitulmali kuma ya tsaya wa Eskom in ya gaza biya. A zagayen farko yunit ɗin iska ya kama kusan rand 1.14, zuwa zagaye na huɗu ya sauko wajen senti 62 na rand, kuma an sa sharaɗi mutanen yankin su mallaki aƙalla kashi 2.5 na kowace tasha. Amma su ma sun yi tuntuɓe, daga 2016 Eskom ya ƙi sa hannu a yarjejeniyoyin da aka riga aka ci har sai Afrilun 2018, sannan a zagayen 2022 an nemi megawat 3,200 na iska ba a ba kowa ko ɗaya ba, don layukan yankin Kef inda iskar take sun cika.

Na Kenya da ka ambata, tashar Tafkin Turkana ce, megawat 310, fankoki 365, Bankin Raya Afirka ne ya jagoranci haɗa bashin. 'Yan kasuwa sun gama nasu a 2017, amma layin da gwamnati ta ɗauki alkawarin ja, sama da kilomita 400 zuwa Suswa, bai kammala ba sai Satumban 2018 don ɗan kwangilar, wani kamfanin Sifaniya, ya karye. Yarjejeniya kuwa ta ce ko ka ɗauki wuta ko ba ka ɗauka ba sai ka biya, haka Kenya ta biya biliyoyin shilin a kan wutar da ba wanda ya gani. Mutane sun yi ta zagi kuma suna da gaskiya, amma ka lura wannan sharaɗin mai ɗaci shi ne dalilin da ya sa bankuna suka yarda suka saki kuɗi tun farko, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan a 2021 kotu ta soke takardun filin saboda ba a bi ƙa'ida da makiyayan wurin ba, wannan kam ya kamata duk gwamnan Arewa ya ji shi da kyau. Senegal kuma Taiba Ndiaye ce, megawat 158.7, fankoki 46 na Vestas, kamfanin Lekela ya gina, Senelec, kamfanin lantarki na ƙasar, ya sa hannu zai saya shekara 20, hukumar OPIC ta Amurka mai tallafa wa zuba jari a ƙasashen waje da hukumar lamunin fitar da kaya ta Denmak suka shigo da kuɗi da garanti, aka ƙaddamar a Fabrairun 2020.

To Lambar Rimi fa?

Tunanin ya samo asali ne tun Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa ta ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila wajen 2010, fankoki 37 kowace kilowat 275, jimla megawat 10. In ka matsa kusa za ka ga fiffike biyu gare su ba uku ba, kuma an ɗaure turakun da wayoyin ƙarfe ta gefe-gefe, an ƙera su ne yadda za a iya kwantar da su ƙasa in guguwa ta taso ko za a yi gyara, ba sai an kawo ƙaton kireni ba. Injin ba shi da laifi, irinsa yana aiki a tsibirai, kamfanin nan dai shi ya yi tashar Ashegoda ta Habasha mai megawat 120. A Disamban 2012 aka sace injiniyansu Bafaranshe a Rimi, sai a Nuwamban 2013 ya kuɓuta a Zariya, aiki ya tsaya, kamfanin kansa ya faɗa matsalar kuɗi a 2017, ministoci kuma suka yi ta zuwa suna sa ranar ƙaddamarwa.

Duk wannan gaskiya ne amma ni a ganina babbar cutar tana cikin tsarin. An yi aikin ne a matsayin kwangila daga kasafin kuɗi, ɗan kwangila yana samun kuɗinsa ne in ya kawo kaya ya kafa, ba in wuta ta fito ba, ma'aikata kuma sai an saki kuɗin kasafi, bana a saki rabi baɗi a manta. Babu wani mutum guda da bashi yake bin wuyansa wanda zai kasa barci in fanka ta tsaya kwana uku. A Taiba Ndiaye kowace awa da fanka ta tsaya akwai wanda ya yi asara daga aljihunsa kuma banki na jiransa ƙarshen wata, shi ya sa tun kafin a fara gini an riga an ƙulla yarjejeniyar gyara ta shekaru da wanda ya ƙera injin.

Kar kuma ka ɗauka mun rasa takardun doka ne. NERC, hukumar sa ido kan lantarki ta ƙasa, ta fitar da tsarin tsayayyen farashi na makamashi mai sabuntawa tun 2015. A Yulin 2016 NBET, hukumar gwamnati mai sayen wuta daga masu samarwa ta sayar wa masu rarrabawa, ta sa hannu da kamfanoni 14 na sola, megawat 1,125, yawanci a Arewa, a kan senti 11.5, ko ɗaya ba a gina a ƙarƙashin yarjejeniyar ba, don gwamnati ta ƙi ba da garantin da bankuna suka nema, tana ganin farashin ya yi yawa, ga kuma nauyin da ta riga ta ɗauka a tashar gas ta Azura a Edo wadda ake biya kusan dala miliyan 30 duk wata. Tushen matsalar dai kowa ya sani, kamfanonin rarraba wuta ba sa tara cikakken kuɗi, ba sa biyan NBET cikakke, ita ma ba ta biyan masu samarwa cikakke. Mai kuɗin iska yana kallon wannan sarƙar sai ya tattara jakarsa ya nufi Dakar.

Me gwamna zai yi?

Gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 da dokar lantarki ta Yunin 2023 sun ba jiha dama ta yi dokarta, ta kafa hukumar sa ido tata, ta ba da lasisi a cikin iyakarta, Inugu da Ondo da Ekiti ne suka fara karɓa a 2024. Wannan ƙofa ce babba, amma shawarata ta farko ga kowane gwamna ita ce kar ya sayi fanka. Ya fara da awon iska, wanda kuɗinsa bai kai na gadar sama guda ba ko kusa. Taswirar Global Wind Atlas kyauta take a intanet, za ta nuna maka inda za ka duba, tsaunukan Jos da sassan Katsina da Sakkwato da Kano, amma banki ba ya karɓar taswira, kuma ba ya karɓar awon filin jirgi da ake yi a tsayin mita 10. Sai an kafa turke mai tsayin mita 80 zuwa 100 an auna aƙalla shekara guda cur, hunturu da bazara da damina da kaka duk su shiga. Dalili kuwa ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta, in gudu ya ninka biyu ƙarfi ya ninka takwas, wurin da ke da mita 6 a daƙiƙa ya fi mai mita 5 da kusan kashi 70 cikin ɗari. Tudu biyu da ke kallon juna ɗaya zai iya biyan bashi ɗaya ya kasa.

Na taɓa bin irin wannan awon a wata jiha, turken siriri ne, a jikinsa an jera 'yan kofuna uku-uku masu juyawa a tsayi daban-daban, a ƙasa akwai akwatin ƙarfe mai ɗauke da na'urar da ke rubuta gudun iska duk minti goma, da batir da ɗan faifan sola. Mutanen ƙauyen sun ɗauka turken waya ne, suna ta murna sabis ya zo. Ba a ɗauki mai gadi daga cikinsu ba, ba a kuma zauna da mai gari an yi bayani ba, tsakiyar hunturu aka kwance batirin da faifan, lokacin da iskar ta fi kaɗawa kenan, bayanan makonni suka tafi, masu ba da bashi suka ce a sake shekara. Irin wannan ƙaramin abin ne ke kashe aiki, ba rashin biliyoyi ba. In jiha ta auna da kuɗinta ta saki sakamakon kowa ya gani, ta cire wa 'yan kasuwa goma wahala guda a lokaci ɗaya.

Bayan awo sai fili. Abin daɗin iska shi ne fankokin ƙasa kaɗan suke ci, ana noma ana kiwo a tsakaninsu, don haka ba sai an kori kowa ba, haya ta shekara-shekara ga masu gona ta fi diyyar lokaci ɗaya da za a cinye a manta, kuma a bar burtali a buɗe. Sai layi zuwa tashar rarrabawa mafi kusa, wannan jiha ta ɗauka ko ta yi da TCN, kamfanin manyan layukan wuta na ƙasa, amma kar ta sa hannu a ranar da ba za ta iya cikawa ba, ka dai ji na Kenya. Sai uwa uba mai saye. Duk zaman da na yi da banki tambayar farko ita ce wa zai sayi wutar kuma da me zai biya, kafin ma su tambayi sunan injin. In KEDCO ne ko wani kamfanin rarrabawa, za su nemi wanda zai tsaya masa. Jiha na iya tsayawa da takardar umarnin cire kuɗi kai tsaye daga kasonta na tarayya, irin wadda ake yi in za a ci bashin kasuwar hannun jari, amma fa wannan bashi ne a kan jiha ko da ba a kira shi bashi ba, majalisar jiha ta san da shi. Ni na fi son a fara da masu saye da aka san suna biya, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da ke ƙona dizal, hukumar ruwa, jami'o'i, don wanda ke ƙona dizal ko wutar senti 10 aka ba shi ya ci riba. Kowa ya tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando Arewa ta kwana da kwanaki a duhu, masu masana'antu ba sa buƙatar a yi musu wa'azi a kan amfanin wuta ta kusa da gida.

Sannan maganar dala. Injin da dala ake saye, wuta da naira ake sayarwa, wanda ya ci bashin dala a farkon 2023 tana wajen naira 460 ya wayi gari a 2024 ta haura 1,400, bashinsa ya ninka uku yana zaune. Bashin naira na banki kuma a 2024 ruwansa ya wuce kashi 25, kuma gajere ne. Mafita ita ce gauraye, kuɗi mai sauƙi daga irin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci a matsayin tushe, sai kuɗin fansho na naira mai dogon zango ta hannun irin InfraCredit da aka kafa a 2017 don tsaya wa irin waɗannan ayyuka. Ga wanda maganar ruwa ke damunsa, kuma na san da yawanmu tana damun mu, tashar iska ta dace da sukuk, wato takardar zuba jari ta Musulunci marar ruwa, sosai don kadara ce tsayayya mai kawo kuɗin shiga, ana iya ginawa da istisna'i, wato kwangilar a ƙera maka abu, a yi hayarta da ijara, jihar Osun ta yi sukuk tun 2013 ta gina makarantu, tarayya ta yi na naira biliyan 100 a 2017 na hanyoyi.

Inda maganata ta tsaya

Ni ba lauya ba ne, rubuta dokar jiha da yarjejeniyar saye aikin lauyoyin da suka ƙware a lantarki ne, kuma lissafin da na yi maka a sama misali ne, kowane wuri da nasa. Sannan kar son iska ya rufe mana ido, tamu matsakaiciya ce, ba ta kama ƙafar ta Turkana ba inda fankoki ke fitar da sama da rabin ƙarfinsu a shekara. A mafi yawan Arewa sola ta fi arha, ta fi saurin kafawa, ƙaramin gari ma zai iya, kuma nan ne kuɗin tallafi ya fi karkata yanzu, irin shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2023. Amfanin iska a wurinmu shi ne a can sama takan yi ƙarfi da dare da sassafe, da kuma lokacin hunturu da ƙura ke rage wa sola kuzari, don haka in an haɗa su a layi ɗaya batirin da za a saya ya ragu. A 'yan wuraren da awo ya tabbatar kawai nake ba da shawarar a sa ta.

Maƙwabtanmu na Nijar ma suna kan wannan hanyar, a Maris 2022 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy a kan tashar Tarka a jihar Tawa, har megawat 250, don rage dogaro da wutar Najeriya wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 na abin da suke amfani da shi. Juyin mulkin Yulin 2023 da yanke musu wuta da aka yi daga nan ya ƙara nuna musu buƙatar tasu, amma shi ɗin dai ya ƙara wa masu ba da bashi tsoro, kuma irin wannan tsoron ma da kuɗi ake sayensa, akwai inshorar haɗarin siyasa da hukumar MIGA ta Bankin Duniya ke sayarwa, kuɗinta kuma a kan farashin yunit yake sauka.